Darasin Turanci: Kalma ɗaya kan iya ja maka bashi

A makon nan darasinmu ya fito ne daga wani al'amari da aka kawo ofishin masallaci. Wani ɗan uwanmu ya raka abokinsa karɓar keke napep na biya sannu-sannu. Aka miƙo takarda, aka ce sa hannu nan, ya sa. Shi a zatonsa shaida ya yi. Bayan wata biyar abokin ya daina biya, ya tafi gida Arewa, sai ga masu keke a ƙofar shagon ɗan uwan nan. Kalmar da ke saman layin da ya sa hannu ita ce guarantor.

To, mu fara da ita. Witness shi ne shaida: na ga an yi, shi ke nan. Guarantor kuwa mai lamuni ne, wato idan wancan bai biya ba, ni zan biya. Akwai ƙanwarsu, surety, wadda ake ji wajen beli a ofishin 'yan sanda ko kotu: ka tsaya wa mutum, in ya gudu kai za a nema. Duk ukun sa hannu ake yi, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na biyu, borrow da lend. A Turancin kasuwa muna jin "borrow me money", har mun saba. A rubuce kuwa borrow karɓar rance ne, lend bayar da shi. Saboda haka borrower shi ake bi bashi, lender shi ke bi. Duba da kyau a wane layi aka rubuta sunanka.

Na uku, kalmar da ke sauya ma'ana gwargwadon inda ta zauna. Balance a saƙon banki ita ce abin da ya rage a asusunka. A rasidin kaya kuwa cikon kuɗin da ake binka ne. Haka charge: cajin waya ne, kuɗin aiki ne da banki ya cire, kuma tuhuma ce a gaban alƙali. Wanda ya haddace ma'ana ɗaya tak, wata rana za ta ba shi kunya.

Na huɗu, notice to quit, wato takardar tashi daga gidan haya. Notice ɗin nan wa'adi ne, ba kora ta yau-yau ba. A dokar haya ta Jihar Legas ta 2011, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biya shekara-shekara wata 6 ake ba shi, mai biya wata-wata kuma wata 1. Shi ya sa muke cewa a karanta yarjejeniyar tun ranar shiga gida.

Yaya za mu riƙe waɗannan? Mu sayi ɗan littafi na aljihu. Kalma biyar a mako ta isa, kuma mu ɗebo su daga takardun da ke hannunmu: rasidi, katin asibiti, wasiƙar makarantar yara. Kada a rubuta kalmar ita kaɗai. A kwafe jimlar da ta zo a ciki dukkanta, a rubuta inda aka gan ta, sannan ma'anarta da Hausa, sannan ka ƙirƙiri taka jimlar. Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner zai ba ka ma'ana, Oxford Advanced Learner's kuma yana kawo misalan jimloli. Yaranmu 'yan sakandare ma malamai ne, babu kunya a tambaye su. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida: kowa ya nemo ma'anar refundable da non-refundable, da due date da expiry date, ya kawo jimla ɗaya kan kowace. Za mu duba tare ranar Lahadi bayan sallar isha'i.

Kafin nan, duk wanda aka miƙa wa takarda bai gane ta ba, ya ce zai je ya dawo. Ya kawo ofis a karanta masa, kyauta ne. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma warware wa ɗan uwanmu wannan matsala.

Sakataren Masallaci