Bayan aikin ido: yadda za a gane da waya ko ganin Baba ya gyaru

Daga shekara 40 zuwa sama, madubin da ke cikin ƙwayar ido yakan fara tauri, ya kasa daidaita kansa don kallon abu na kusa. Shi ya sa dattijo ke nesanta wayarsa kafin ya karanta saƙon banki. Likitoci na kiran wannan firesbiyofiya, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce tana tare da mutum biliyan 1.8.

Tabarau ne magani mafi sauƙi. Akwai kuma tiyata: ko a yi amfani da hasken leza a saita ido ɗaya ga nesa, ɗaya ga kusa, ko a cire madubin a sa na roba mai kama nesa da kusa. Amma a yankin Funtua da Malumfashi, aikin yanar ido aka fi sani, irin wanda ake zuwa yi Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano. Madubin roba da aka fi sakawa a aikin yana, na ganin nesa ne kawai. Don haka idan Baba ya dawo yana hango shanu a ƙarshen gona amma ya kasa karanta lambar asusu, ba lallai aikin ya ɓaci ba. Tabaran karatu yake buƙata.

A nan matashin gida mai waya zai yi amfani. Manhajar Peek Acuity, wadda aka gwada a Kenya, tana nuna harafin E yana fuskantar ɓangarori daban-daban daga nisan mita 2; dattijo ya nuna da hannu, mai gwaji ya ja yatsa a allon. Ba sai an iya boko ba. WHOeyes, da ta fito a 2023, tana auna nesa da kusa. A rufe ido ɗaya a gwada ɗaya, a rubuta sakamako da kwanan wata.

Sai dai lamba ba ta faɗin komai. Likitoci ma suna da takardun tambayoyi kan ayyukan yau da kullum, kuma ana iya yin irinsu a gida. Shin Baba yana karanta ma'aunin da ke jikin kwalbar maganin feshi daga nisan santimita 40? Inna tana zura zare a allura, tana tsince tsakuwa a shinkafa? Tambayar dare ita aka fi mantawa: madubi mai kama nesa da kusa yakan sa a ga zobe kewaye da fitila, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai tuƙi a hanyar Funtua zuwa Zariya, tireloli na haske masa fuska.

Manhaja ba likita ba ce. Idan ido ya yi ja da ciwo, ko gani ya ragu farat ɗaya, a koma asibiti a ranar, a tafi da abin da aka rubuta.