Tsofaffin takardun jarrabawa: yadda za mu taimaki yaranmu

Ƴan uwa, da yawa cikinmu muna da yara a lakwal. Wani ɗansa yana koleji, wata ɗiyarta ta kai lise. Idan watan Yuni da Yuli suka matso, hankalin gida duka ya kan tashi, domin lokacin jarrabawa ke nan. Yaron da ya faɗi sai ya maimaita aji, ko ma ya bar karatu, an yi asarar shekara guda da kuɗin kaye da na tufafi. Darasinmu na yau yana nuna hanya guda ta shiri, wadda uba ko uwa za su iya sa ma ido ko ba su jin Faransanci.

Manyan jarrabawa biyu

A Nijar yaro yana yin shekara 6 a firamare. Sannan ya yi shekara 4 a koleji, ya zauna jarrabawar BEPC. Bayanta sai shekara 3 a lise, ya zauna bakaloreya, wadda kowa ke ce ma BAK. Asalin BAK daga Faransa ne, an kafa ta a shekarar 1808. Ban da mu, ana yin ta a Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi da Senegal. Ita ce ƙofar jami'a. Da ita ake shiga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Maraɗi, Damagaram da Tawa. Da ita kuma ake neman gurbin karatu a ƙasar waje.

Wanda ɗansa ke karatu a Katsina ko Kano, shi jarrabawar WAEC zai yi. Hukuma ce da aka kafa a 1952, ta ƙasashe 5: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Harshe ya bambanta, amma hanyar shiri guda ce.

Mine ne tsofaffin takardu?

Duk shekara, bayan an gama jarrabawa, tambayoyin da aka yi ba sirri ba ne kuma. Ana tara su a yi littafi, ƴan lakwal suna ce mishi "anal". Wani littafin har da amsoshi a baya, su ne "korije". Ana samun su wurin masu saida littattafai a kasuwa, ko wurin mushe, ko wurin yaran da suka riga suka ci. Waɗansu ma a salula suke aika ma juna. In kuɗi ba su isa ba, yara 4 ko 5 su haɗa su sayi guda, su yi fotokofi.

Amfaninsu uku ne. Yaro zai san yadda ake jera tambaya, ranar jarrabawa ba za ta zame mishi baƙuwa ba. Zai ga darussan da suke yawan dawowa. Kuma zai gane inda yake da rauni tun da sauran lokacin gyara. Ɗan kokowa ma ba ya shiga fili neman takobi sai ya sha gwada ƙarfi da abokansa a gida.

Yadda ake aiki da su

Na farko, a fara da wuri. Ana komawa lakwal a Oktoba. Daga Janairu ya kamata yaro ya riƙa yin takarda guda kowane mako. In aka bari sai Mayu, ga zafi, ga gajiya, ga tsoro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a rufe kaye, a rufe korije. Yaron da ke karanta tambaya yana leƙen amsa, kansa yake ruɗi. Zai ga kaman ya iya, alhali bai iya ba.

Na uku, a duba agogo. A saman kowace takarda an rubuta lokacinta, wata awa 2, wata har awa 4. Nan ne aikinmu mu iyaye. Tun da mun iya karanta lamba, mu riƙe agogo. In lokaci ya cika, mu ce a aje bik, ko ya gama ko bai gama ba. Yara da yawa sun san amsa, lokaci ne ke ƙare musu.

Na huɗu, a buɗe korije a gwada. Duk inda ya kuskure, ya rubuta cikin kaye na dabam. Abin da bai gane ba, ya kai ma mushe. Bayan mako 2 ya sake yin wannan takarda, a gani ko ya gyaru.

Mu yi ɗan lissafi

Ana ba da maki bisa 20. Sai yaro ya samu 10 a tsakaici, abin da suke ce ma "mwayen", sannan ya ci. Amma darussa ba nauyinsu guda ba. A BAK akwai sashen A na harsuna da falsafa, akwai C na lissafi da fizik, akwai D na lissafi da ilimin halittu. Kowane sashe da darasin da ya fi nauyi a cikinsa.

Ga misali. A ce nauyin lissafi 4, na tarihi 2. Yaro ya samu 7 a lissafi, 14 a tarihi. 7 sau 4, 28. 14 sau 2, 28. Jimla 56. A raba da 6, bai kai 10 ba. To, in ya ƙara maki 2 kaɗai a lissafi, ya samu 9: 9 sau 4, 36. A haɗa da 28, 64. A raba da 6, ya wuce 10. Kun gani, darasi mai nauyi shi ya kamata a fi yi ma tsofaffin takardu, ko da yaro ba ya son shi. Ku tambayi ɗanku wane darasi ne ya fi nauyi a ajinsu.

Abubuwan kiyayewa

Tsofaffin takardu ba su maye gurbin zuwa aji. Wani lokaci ana canza tsarin darussa, saboda haka a fara da na shekarun kusa, kuma a nuna ma mushe littafin kafin a saya. Kada yaro ya haddace amsa, domin ana canza lambobi da kalmomi. Hanyar samo amsar ita ce abin koyo.

In wani ya ce yana da tambayoyin bana, a kawo kuɗi, ku guje shi. Ko dai macuci ne, ko ya jefa yaro cikin satar jarrabawa, a kama shi a kore shi.

Daga ƙarshe, a ba yaro fitila da wuri marar hayaniya. Ɗiya mace a rage mata daka da ɗibar ruwa da talla a waɗannan watanni, domin takarda guda za a ba ta da ɗa namiji, lokaci ma guda. Allah ya ba yaranmu sa'a.

Tambayoyi

1. Shekara nawa ake yi a koleji kafin BEPC?
2. Don mi ake rufe korije lokacin aiki?
3. Yaro ya samu 11 a darasi mai nauyi 3. Maki nawa ke nan?
4. Wane taimako za ka iya yi ma ɗanka, ko za ki iya yi ma ɗiyarki, a wannan mako?