YADDA ZA A AJIYE BATIR BAYAN AIKIN DAMINA

Gabatarwa

An shirya wannan 'yar takarda ne domin manoman da ke aiki da batir, watau masu tarakta ko ƙaramin injin huɗa mai tashi da makulli, da masu injin feshi na goyo mai aiki da caji, da ƙungiyoyin manoma da suka haɗa kuɗi suka sayi inji ɗaya. A ƙasarmu yawancin injunan nan aikin wata huɗu ko biyar suke yi. Da an kawar da amfanin gona a watan Oktoba ko Nuwamba sai a tura su rumfa, ba a sake waiwayarsu sai ruwa ya sauka a watan Mayu ko Yuni. A nan ne manomi zai murɗa makulli ya ji shiru. Kafin ya nemo kuɗin sabon batir an yi kwanaki, maƙwabta sun gama huɗa, shi kuwa shukarsa ta makara. Kowa ya san abin da makarar shuka ke jawowa. Wannan hasara ce da za a iya kauce mata da ɗan aiki kaɗan a kowane wata.

1. Me ya sa batir ke mutuwa a ajiye?

Batirin tarakta mai bolt 12 yana da ɗaki shida a cikinsa. Kowane ɗaki yana da fallayen dalma a jiƙe cikin ruwan asid, yana kuma ba da bolt 2 da ɗan ɗoriya. Ko ba a taɓa batir ba, wutarsa tana tsiyayewa da kanta a hankali, kamar yadda ruwa ke raguwa a sabuwar randa. A wuri mai sanyi-sanyi, kamar digiri 20 zuwa 25, yakan rasa wajen kashi 4 ko 5 cikin 100 a wata. Tsohon batir ya fi haka zuba.

Zafi shi ne babban abokin gāba. Duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10, tsiyayewar nan takan ninka sau biyu. To, a watan Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri, cikin ɗakin kwano kuwa ya ma fi haka. Saboda haka batirin da aka ajiye a cike a watan Nuwamba yana iya rasa fiye da rabin wutarsa kafin faɗuwar damina.

Ba rashin wutar kaɗai ne abin tsoro ba. Idan wuta ta yi ƙasa, wani farin gishiri yakan kwanta a jikin fallayen dalmar. In an yi caji da wuri gishirin yana narkewa ya koma cikin ruwan. In kuwa aka bar shi wata da watanni sai ya daskare ya yi tauri, caji ba ya ƙara narkar da shi. Shi ne za ka ga an kai batir wurin mai caji ya kwana, amma da an murɗa makulli sau biyu ya mutu. Irin wannan ba shi da magani sai sabo.

2. Abin da za ka yi ranar ajiyewa

(a) Cire batirin daga jikin inji. Ko an kashe inji, wayoyin da suka tsufa ko suka goge sukan riƙa jan wuta kaɗan-kaɗan. Ka fara kwance wayar da ke haɗe da ƙarfen jikin inji. A yawancin injuna ita ce baƙar waya, mai alamar ɗebewa (–). Sa'an nan ka kwance jar waya, mai alamar tarawa (+). Dalili kuwa shi ne, in ka fara da ja, sifana ta taɓa jikin inji, wuta za ta yi tartsatsi, tana iya ƙona maka hannu ko ta fasa batirin.

(b) Wanke bisansa. Ƙura mai laima da ke kwance tsakanin kawunan batir biyu hanya ce da wuta ke bi ta zube. Ka tabbata murafan suna rufe gam, ka goge da tsumma da ɗan ruwan kanwa, domin kanwa tana kashe kaifin asid. Amma kada ko ɗigo ɗaya ya shiga ciki. Ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka bari ya bushe. In akwai farin gari ko kore a kawunan, ka kankare shi da buroshin waya, ka shafa giris ko man basilin.

(c) Duba ruwansa. Buɗe murafan shida ka leƙa. Lalle ne ruwa ya rufe fallayen. In ya yi ƙasa, ka ƙara farin ruwan batir wanda masu caji ke sayarwa a kwalba, watau ruwan da aka dafa aka tara tururinsa. Kafin caji ka zuba daidai yadda zai rufe fallayen kawai, gama ruwan yakan taso in ana caji. Bayan caji sai ka cika har ya kai layin da aka zana a jikin batir, ko kuwa wajen santimita 1 bisa fallayen. Kada ka zuba ruwan rijiya, ko na famfo, ko na leda, domin gishirin da ke cikinsu yana lalata batir. Kada kuma ka yarda a ƙara asid. Ruwa ne ke ƙafewa, asid ɗin yana nan.

(d) Yi masa caji ya cika tam. Kada ka taɓa ajiye batir da rabin wuta da nufin za a cika shi daga baya. Cajin hankali ya fi na gaggawa. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na lambar da aka rubuta a jikinsa. Misali, batirin da aka rubuta wa 100Ah, a ba shi amfiya 10.

3. Wurin ajiya

Ka nemi wuri mai inuwa, busasshe, wanda iska ke shiga. Ɗakin soro ko ɗakin jinka ya fi ɗakin kwano sanyi. Ka ɗora batirin a kan katako, a tsaye, don kada laima ko ruwa su same shi. Kada ka ajiye shi kusa da murhu, ko fetur, ko buhunan taki, ko hatsin ci. Kada a ɗora masa fartanya ko lauje ko wani ƙarfe, gama in ƙarfe ya haɗa kawunan biyu gobara na iya tashi. Ka nisanta shi daga yara da dabbobi.

4. Dubawa sau ɗaya a wata

Ka zaɓi rana ɗaya da ba za ka manta ba, kamar ranar kasuwar farko ta kowane wata. Akwai 'yar mitar gwada wuta wadda masu gyaran rediyo da masu caji ke riƙewa. Ƙungiya tana iya sayen guda ɗaya kowa ya amfana. Ka gwada bayan batir ya huta, watau kada ka gwada shi nan take da an cire shi daga caji, ka bari ya kwana. Ga abin da mita ke nufi:

Bolt 12.6 ko sama: batir a cike yake.
Bolt 12.4: saura kamar kashi uku cikin huɗu.
Bolt 12.2: saura kamar rabi.
Bolt 12.0: saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu, yana cikin haɗari.

Da ka ga ya sauko 12.4, ka kai shi caji. In ba ka da mita, ka riƙa kai shi caji duk wata biyu a lokacin hunturu, da kowane wata a lokacin bazara. Kada ka gwada batir ta hanyar goga waya tsakanin kawunansa don ganin tartsatsi, yadda wasu ke yi.

Waɗansu sukan bar batir a jikin tarakta, su riƙa tada ita minti biyar duk mako. Wannan ba ya isa. Wutar da aka ci wurin tayarwa ba ta komawa cikin minti biyar. In za ka bi wannan hanya, sai injin ya yi aiki sosai rabin awa ko fiye.

5. Amfani da hasken rana

Inda babu lantarki, ƙaramin farantin sola mai wat 5 zuwa 10 ya isa ya riƙe batir ɗaya a cike har damina. Farantin ya kasance a rana, batirin a inuwa. Lalle ne a sa 'yar na'urar daidaita caji a tsakaninsu, wadda masu sola ke kira kwantirola. In babu ita, babban faranti yakan dafa batir, ruwansa ya ƙafe. Ka riƙa share ƙurar hunturu daga fuskar farantin, ka ci gaba da duba ruwan batir kowane wata. Ka sani kuma ƙaramin faranti aikinsa riƙe cikakken batir ne, ba zai tada matacce ba.

Akwai jarabar a ɗauki batirin tarakta a riƙa kunna fitila ko cajin wayoyi da shi a gida lokacin rani. Batirin tada inji ba a yi shi don a riƙa shanye wutarsa a kai a kai ba. Fallayensa sirara ne, yin haka yana gajarta masa kwana.

6. Batirin injin feshi

Wannan ƙarami ne, a rufe yake, ba a buɗe shi, ba a ƙara masa ruwa. In na dalma ne, mai nauyi, ka cika shi bayan feshin ƙarshe, ka wanke tankin, ka kashe makunni, sa'an nan ka riƙa sake masa caji kowane wata da cajarsa ta asali. In kuwa irin na litiyam ne, mara nauyi, shi ya fi son a ajiye shi da kamar rabin wuta, a duba shi duk wata uku. Ka nemi a karanta maka takardar da ta zo da injin don ka san wane iri ne naka.

7. Gargaɗi

Batirin da ake wa caji yana fitar da iska mai kama wuta. Kada a sha taba ko a kawo aci-balbal kusa da shi. In asid ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti.

Batirin da ya mutu kada a fasa shi a gida don cire dalma, kada kuma a zubar da ruwansa a gona ko kusa da rijiya. Dalma guba ce, ta fi cutar da ƙananan yara. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu a wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Sanagal, inda ake fasa tsofaffin batura. Ka mai da tsohon batir ga mai sayarwa yadda yake.

8. Idan damina ta matso

Mako biyu kafin lokacin huɗa, ka cika batirin, ka mai da shi jikin inji. Wannan karon jar waya za ka fara ɗaurawa, baƙa daga ƙarshe. Ka tada injin ka gwada. In akwai matsala, kana da sauran lokacin gyara kafin ruwan shuka.

Ka tuna:
Cire shi, baƙar waya da farko.
Wanke shi, duba ruwansa.
Cika shi kafin ajiyewa.
Ajiye shi a inuwa.
Duba shi kowane wata.

In kana bukatar ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.