Amsoshin Tambayoyinku: Birkin ABS a Motar A-Kori-Kura

Tambayarmu ta fito daga wani mai sauraronmu, direban a-kori-kura a Kakuri, cikin garin Kaduna. Ya ce ranar da aka yi ruwa ya taka birki da ƙarfi a hanyar Sabon Tasha, sai ya ji birkin yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Shin lalacewa ya yi?

Malam direba, mun gode. Birkinka lafiyarsa ƙalau, birkin ABS ne yake aikinsa. Aikin ABS shi ne hana taya ƙamewa. Akwai na'ura a jikin taya mai lura da juyawarta. Da zarar taya ta kusa ƙamewa, sai ABS ya sassauta birki, ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Wannan ita ce karkarwar da ka ji.

A-kori-kura ta fi buƙatarsa, domin idan babu kaya bayanta ba nauyi. Tayoyin baya kan riga ƙamewa, sai motar ta juya da kai. Tsofaffin Peugeot 504 da aka haɗa nan Kakuri ba su da ABS, shi ya sa direbobinsu suka saba da tattaka birki. A mota mai ABS kada ka tattaka. Ka danne birki, ka riƙe, ka sarrafa sitiyari.

Amma a kan yashi ko tsakuwa mota na iya yin nisa kafin ta tsaya, don haka a rage gudu. Idan kuma fitilar ABS ta ƙi mutuwa bayan ka tayar da mota, a kai wa makanike ya duba.

Allah ya kiyaye hanya.