Takin da Aka Sa wa Riga

Ɗana, na ji kana ta tambayar sabon takin nan mai riga. Matso kusa ka ji.

A haruffa ukun da ke jikin buhun kamfa, na ƙarshen, wato K, shi ne fotash. Shi ke ƙarfafa kara kada iska ta kwantar da shi, shi ke sa rogo da dankali su yi nauyi. In ya yi ƙaranci, za ka ga gefen tsofaffin ganyen masara ya bushe kamar wuta ta lashe shi. Yawancinsa daga Kanada da Rasha da Belarus ake haƙo shi, kuma narkewa yake kamar gishiri. A ƙasar laka ba damuwa, tana riƙe shi. A jigawa kuwa, mamakon Agusta sai ya nutse da shi inda saiwa ba ta kaiwa.

To, nan rigar ta shigo. Kowace ƙwaya an lulluɓe ta da siririn ɓawo na roba ko na farar wuta. Danshi ya ratsa, ya narkar da na ciki, ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, shuka na sha daidai cikinta. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba.

Sai dai ka lura, zafi ke gaggauta tsattsafowar. Watannin da aka rubuta a buhu, a zafin maki 21 ko 25 ake auna su, kai kuwa ka san yadda ƙasar lambu ke ƙuna a watan Maris. Wanda aka ce zai yi wata huɗu, a wajenmu yana iya ƙarewa tun kafin nan. Kada ka daka shi, kada ka yi jifa da buhun. In ɓawon ya fashe, takin gama-gari ka saya da tsada. Ka binne shi kusa da saiwa.

Af, kada wani ya ruɗe ka da kanwa don ya ji ana kiranta fotash a kasuwa. Gishirinta daban ne, ɓata gona take. Toka ce mai fotash, ita da karan da muke kwashewa mu yi darni, gona ta zauna tsirara.

Kuɗin mai rigar ya fi na jan fotash mara riga nesa, don haka a gero ban ga ribarsa ba. A tumatir ko kankana a kan rairayi, yana iya fitar da kansa. Bana ka gwada a kunya goma, ka bar goma da wanda ka saba, ka auna a kwando. Kafin ka saya, ka kai wa malamin gona ƙasarka ya duba.