Darasi: Aku da Itaciyar Jinin 'Yan'uwa Biyu

Ya ku ɗalibai da iyaye, darasinmu na wannan fitowa a kan amanar halittu ne. A aya ta 38 ta Suratul An'am, Allah ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. To, kowace al'umma tana da gidanta, kuma in an yi sake tana iya ƙarewa. Ga misalai biyu.

Na farko shi ne aku, wannan mai launin toka da jar wutsiya da ake sayarwa cikin keji. Gidansa kurmi ne, a Gana, kudancin Nijeriya, Kamaru, Gabon da Kwango. Cikin kogon manyan itatuwa yake ƙwai. Saboda ya iya kwaikwayon magana, sai ya yi tsada. Masu kamu kan shafa danƙo a reshe, ko su hau su kwashe 'ya'yan, da yawa kuma su mutu a hanya kafin a kai kasuwa. Bincike ya nuna daga 1992 Gana ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na akunta. Don haka a 2016, a taron Johannesburg ta Afirka ta Kudu, aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Mu kuwa tuni muna da jagora. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta fuffuka, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a mayar mata da su.

Misali na biyu daga tsirrai ne. Akwai tsibirin Suƙuɗra na ƙasar Yaman, cikin Tekun Indiya. Yana da tsirrai iri 825, kuma kashi 37 cikin 100 ba sa fitowa ko'ina a duniya sai can. A cikinsu akwai itaciyar da Larabawa ke kira damul akhawaini, wato jinin 'yan'uwa biyu. Siffarta kamar lema, in an tsaga bawonta sai jan ƙaro ya fito, ana magani da rini da shi. Tsuntsaye ke cin 'ya'yanta su yaɗa irin. Amma awaki na cinye ƙananan tun ba su tasa ba, guguwar teku kuma ta 2015 ta tuge manya da yawa. Kun ga tsofaffi na faɗuwa, ga shi masu maye gurbinsu sun yi ƙaranci. In ta ƙare a can, ina za a samo wata?

Saboda haka, yara, kada a ɗebe ƙwai ko 'ya'yan tsuntsu daga sheƙa, kada a harbi tsuntsu don wasa. Iyaye kuma, kafin a sayi aku a tuna cewa kuɗinmu ne ke tura mai kamu kurmi. Wanda ya dasa itace ya kange shi daga awaki. Allah ya sa mu cika amana, amin.

Tambayoyi:
1. Ina ne asalin gidan aku?
2. Me Annabi (SAW) ya umarta game da 'ya'yan tsuntsuwa?
3. Me ke hana ƙananan damul akhawaini girma?