DARASIN WANNAN WATA: ZUMA DA CIWON SUKARI

 

Ya 'yan'uwa matasa, sau da yawa a zangonninmu mukan ji ana ce wa mai ciwon sukari ya bar sukari ya koma zuma, ya sha son ransa. Ya kamata mu duba wannan magana da idon basira.

Na farko: Suratun Nahli, aya ta 69, ta ambaci waraka a cikin zuma, kuma mun yi imani da haka. Sai dai kalmar "shifa'" ta zo ne a nakira, shi ya sa malaman tafsiri da dama suka ce ba ta nufin kowace cuta ga kowane mutum.

Na biyu: kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Babban cokali ɗaya yana ɗauke da giram 17, wato daidai da ƙaramin cokali 4 na sukarin shayi. Idan aka sha, sai ya shiga jini da sauri, jiki kuma ya saki sinadarin insulin don ya kai shi cikin tsoka da hanta. Mai ciwon sukari insulin ɗinsa ya gaza, don haka sukarin yake taruwa a jini. Yau da gobe sai ya lalata ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Na uku: a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya zuma cikin sukarin da ake so a rage. Ga baligi, kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, giram 25 ya fi.

To, mene ne abin yi?

1. Mai lafiya ya sa kaɗan a koko ko shayi, a madadin sukari, kada ya haɗa biyun.
2. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita, kada ya ajiye maganin asibiti saboda zuma.
3. Kada a lasa wa jaririn da bai kai shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jiki.

Mu isar da wannan ga iyayenmu cikin ladabi, domin lafiya amana ce. Allah ne Mafi sani.